Mai Kula da Sutura a Finafinan Hausa: Aikinsa da Matsin Rayuwarsa

Mai kula da sutura shi ne ma'aikacin da ke zaɓar abin da kowane ɗan wasa zai sa, ya kai wa tela, ya adana, ya kuma tabbatar cewa rigar da aka shiga ɗaki da ita a ɗaukar yau ita za a fito da ita a ɗaukar jibi. A farkon zamanin bidiyo, wanda ake ƙirgawa daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, akasari ɗan wasa da kayansa yake zuwa. Aikin ya fara tsayuwa da ƙafarsa ne da yawaitar waƙoƙi irin na finafinan Indiya, inda jaruma kan sauya kaya sau da dama a waƙa ɗaya, da kuma finafinan sarauta irin su Sangaya, masu buƙatar alkyabba da rawani da kayan dogarai.

Kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 ya ƙara masa nauyi, domin matsattsiyar riga ɗaya na iya sa a yanke fitowa sukutum.

Inda gwanintarsa ta fi bayyana shi ne fim ɗin ƙauye. Sabuwar atamfa daga Kantin Kwari sai an wanke ta an sake wankewa, ta sha rana, kafin ta yi kama da zanen aikin gida. A nan ne kuma kuskure ya fi yawa: ana lulluɓe mutumin karkara da tsumma daga farkon fim har ƙarshe. Manomi a ƙasar Gaya da Ajingi da tsohuwar riga yake shiga gona, amma ranar Juma'a da shadda mai guga da hula yake zuwa masallaci. Fim ɗin da ya kasa nuna wannan bambanci ya zalunci mutanen da yake kwatantawa.

Rayuwar mai wannan aiki cike take da matsi. Sau da yawa aron kaya yake yi a wurin dangi da abokai, in an yaga ko an ɓatar shi ke shan kunya da biya. Mace mai wannan aiki kuwa, ko ba ta taɓa fitowa a allo ba, kallon "'yar fim" ake yi mata, aure kuma yakan yanke sana'ar. Da aka dakatar da shirya fim a Kano a 2007, ƙananan ma'aikata irin waɗannan ba su da suna ko jarin da za su jingina da shi.

A Indiya, Bhanu Athaiya ta ci kyautar Oscar a 1983 saboda suturar fim ɗin Gandhi, ta zama ta farko daga ƙasarta da ta samu wannan kyauta. Nan gida kuwa, kafin aikin ya samu irin wannan daraja, wajibi ne ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta tsaya kan yarjejeniyar aiki a rubuce, wadda za ta fayyace ladan mai kula da sutura da wanda zai biya in kayan aro sun lalace.