Oferon: Yadda bakteriya ke kunna ƙwayoyin gadonta

Bakteriyar nan da ake kira E. coli, wadda ke zaune a hanjin ɗan Adam, tana da ƙwayoyin gado fiye da 4,000. Sai dai ba dukkansu ke aiki a lokaci guda ba, domin haɗa furotin yana cin ƙarfi, kuma duk ƙwayar da ta yi almubazzaranci, 'yan uwanta za su fi ta saurin hayayyafa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da take tsimi ita ce oferon, wato rukunin ƙwayoyin gado da ke jere wuri guda a kan DNA, aikinsu ɗaya, makunninsu ma ɗaya.

Masana biyu na Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris, François Jacob da Jacques Monod, su ne suka bayyana wannan tsari a 1961. A 1965 aka ba su kyautar Nobel tare da André Lwoff.

Sukarin madara

Binciken nasu ya ta'allaƙa ne a kan oferon mai ƙwayoyin gado uku, wanda ke sarrafa laktos, wato sukarin da ke cikin madara. Na farko yana samar da sinadarin da ke raba laktos gida biyu, na biyu yana samar da ƙofar shigo da shi cikin ƙwayar, na uku kuma mataimaki ne.

Idan babu laktos, wani furotin mai gadi yakan maƙale a kan makunnin, ya hana a kwafi saƙon ƙwayoyin ukun. Da zarar laktos ya shigo, wani ɓangare nasa yakan liƙe wa mai gadin, ya sauya masa siffa, sai ya saki makunnin. Daga nan yawan sinadarin kan ninka har kusan sau dubu. Idan sukarin ya ƙare, mai gadi ya koma mazauninsa.

Amma matuƙar akwai gulukos, wanda ya fi sauƙin narkewa, oferon ɗin ba ya buɗewa sosai.

Akwai kuma oferon mai akasin haka. Ƙwayoyin gado biyar da ke haɗa tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin, a kunne suke, sai ya wadata sannan su rufe.

Amfaninsa ga lafiya

A 1978 masana a kamfanin Genentech na Amurka suka yi amfani da makunnin laktos wajen sa E. coli ta haɗa insulin irin na ɗan Adam. A 1982 hukumomin Amurka suka amince da irin wannan insulin ga masu ciwon sukari, waɗanda a da suka dogara da na shanu da aladu.

To amma irin wannan dabara tana kuma taimaka wa bakteriya wajen bijire wa magani. Wasu na ɗauke da ƙwayar gadon da ke fitar da maganin tetirasaikilin waje, kuma maganin ne da kansa ke kunna ta idan ya shigo.