Dokin da kyamara ta kasa kamawa

Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin hotunan dawaki na ƙasar Hausa, a Gidan Makama da ke Kano ko a jikin bangon wani zaure, zai lura cewa kusan dukkan dawakin a tsaye suke. Ga mahayi da rawani da alkyabba, ga lifidi da kwalkwali, ga sirdi ya sha ado, amma sukuwar da aka san Bahaushe da ita ba ta cika bayyana ba. Wannan ya sa wasu ke zaton hawan dā ƙawa ce kawai. Bayanin kuwa yana cikin na'urar da ta ɗauki hotunan.

Doki a cikakkiyar sukuwa yana kaiwa kimanin kilomita 60 a awa guda, wato kusan mita 17 a sakan ɗaya. Idan idon kyamara ya buɗe ya rufe cikin ɗaya bisa 25 na sakan, dokin ya riga ya gusa fiye da rabin mita, sai hoton ya fito kamar an goga masa tsumma. Sai an kai ɗaya bisa 500 kafin gusawar ta ragu zuwa santimita uku. Farantan gilashin da aka yi aiki da su a tsakiyar ƙarni na 19 kuwa sukan buƙaci sakan da dama kafin su sha hasken da ya ishe su.

Wanda ya yi suna wajen warware wannan matsala shi ne Eadweard Muybridge. A watan Yunin 1878, a gonar attajiri Leland Stanford da ke Palo Alto a Amurka, ya jera kyamarori 12 a gefen fili, ya miƙa zare a kan hanya, ta yadda wata goɗiya mai suna Sallie Gardner ke tsinka zaren tana wucewa, kowace kyamara ta ɗauki nata. Hotunan sun tabbatar da cewa akwai lokacin da kofato huɗu ba sa taɓa ƙasa, amma a lokacin ƙafafun a naɗe suke ƙarƙashin ciki. Masu zanen Turai, irin su Géricault a zanensa na tseren Epsom na 1821, sun daɗe suna zana su a miƙe gaba da baya.

Fasahar ta iso Arewa a hannun Turawan mulki, kuma inda suka ga dama suka nufa da ita. Manyan tarukan da aka fi ɗauka su ne hawan daba na Kano a 1913 a gaban Lugard, da na 1925 lokacin ziyarar Yariman Wales, da na Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth. A irin wannan taro mai ɗaukar hoto yakan tsaya kusa da rumfar manyan baƙi, inda mahaya ke nufowa da jahi, su yi zamiya, su ɗaga hannu. Wannan wuri ya dace da raunin kyamara, domin abin da ke tunkarowa gaba da gaba ba ya dusashewa kamar abin da ke giftawa ta gefe, kuma lokacin zamiya doki ya kusa tsayawa. Shi ya sa jahi ya samu shiga tarihi. Tseren gefe da gefe, wanda shi ne ainihin sukuwa, yana buƙatar ido mai sauri ko hannun da ya iya bin doki da kyamara yana juyawa da ita, dokin ya fito sarai, 'yan kallo su narke a baya. Ƙaramar kyamarar Leica, wadda ta shiga kasuwa a 1925 da saurin ɗaya bisa 500, ta sauƙaƙa wannan aiki matuƙa.

Filayen sukuwa na birane, kamar na Kano da na Kaduna, sun samu rabonsu, haka ma Katsina, inda Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka shahara da dawaki da wasan folo. Ƙasar Dutse, wadda Kiyawa ke cikinta, tana ƙarƙashin masarautar Kano a zamanin Turawa, kuma ba ta rabu da Jihar Kano ba sai da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991. Mahayin da ya taso daga can ya bi tawagar hakimi zuwa birni, in har ya faɗa cikin hoto, rubutun da ke ƙasa yakan kira shi mahayin Kano ne kurum, babu suna, babu gari. Kilisar yamma a bayan ƙauye da tseren samari ranar biki ba sa cikin abin da jami'in mulki ke aika wa Ingila.

Akwai kuma asarar launi, wadda ga mai doki ba ƙarama ba ce. Bahaushe yana kiran doki da kalar gashinsa: akawal, kili, bidi, hurde, danda, gunya. Hoton baƙi da fari ya tattara su zuwa fari da toka-toka da baƙi. Tsohon fim ma bai jin launin ja, yana mayar da shi duhu, don haka jan doki kan fito tamkar akawal, jar rigar dogari ta koma baƙa. Abin da fim ɗin ya riƙe da kyau shi ne ƙura: idan rana ta bugo ta daga baya sai ta yi haske kewaye da ƙafafu, kuma a hotuna da yawa ita kaɗai ce shaidar cewa dokin yana gudu ne sa'ad da aka ɗauka.