Tarihin da Ake Karantawa da Ƙafa: Zagayen Birnin Katsina

Mutumin Dabawa ko na Kurfi, idan ya tashi zuwa birnin Katsina, yakan biyo titin Dutsin-Ma ya shigo ta Ƙofar Ƙwaya, ya yi abin da ya kawo shi, ya juya gida kafin magariba. Daga cikin mota ba abin da zai gani sai shaguna da allunan talla. Amma magabata sun fasa wannan birni ne don mai tafiya a ƙasa da mai jaki da mahayin doki, saboda haka lungunansa ba sa buɗe labarinsu sai ga wanda ya sauka ya taka.

Abu na farko da mai tattaki zai nema a bakin ƙofa shi ne ganuwa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14, ya kuma tarar da gonaki da filaye a cikinta, abin da ke nuna an gina ta ne yadda jama'a za su iya noma ko da abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya. A yau sai an yi nema kafin a ga guntayenta. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa sun ci nasu, gidaje sun hau kan sauran. Ƙofofin da suka rage, irin su Ƙaura da Marusa da Durɓi da Sauri da Guga, yawancinsu sunaye ne a kan sabon gini na siminti.

Daga ƙofa hanya na kai mutum Filin Kangiwa, babbar farfajiyar da ke gaban Ƙofar Soro. A nan jama'a ke taruwa ranar hawan Sallah, hakimai su zo jahi, cikinsu har da 'Yandakan Katsina daga Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina daga Kurfi. Bayan ƙofar kuwa Gidan Korau ne, fadar da ake jingina wa Sarki Muhammadu Korau, wanda tarihin baka ya ce ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓi mulki. Sarakunan Haɓe sun zauna a gidan har jihadi ya kawo Ummarun Dallaje a farkon ƙarni na 19, zuriyarsu ta koma arewa ta kafa Maraɗi. A 1906 sarauta ta koma hannun Muhammadu Dikko, wanda ya mulki Katsina har 1944, shi ya sa ake yi wa garin laƙabi da Birnin Dikko.

Tafiya kaɗan daga fada sai Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 15. Ita ce ragowar tsohon masallacin Juma'a da ake danganta ginawarsa da ƙarni na 15, ƙarnin da Shehu Magili ya ratso ƙasar Hausa. Wanda ya hau matakalarta zai gane dalilin da ya sa ta yi aiki biyu, wato kiran salla da hangen mahara. A kewayenta aka yi zaman karatu da ya jawo ɗalibai daga nesa, kuma daga wannan gado ne Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina suka fito a ƙarni na 17. Unguwar Masanawa na nan tana riƙe da sunan na farko.

Idan aka nufi Ƙofar 'Yandaka, an zo inda Lugga ya shigo da sojojinsa a 1903, birni ya shiga hannun Turawa ba tare da an gwabza ba. Ɗan ƙasar Dutsin-Ma yana da dalilin tsayawa a nan, domin sunan ƙofar da sarautar hakiminsa abu guda ne. Zagayen yakan ƙare a Rafukka, wurin tsohuwar Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. A cikin waɗannan azuzuwa na ƙasa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga bisani Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin yanzu gidan adana kayan tarihi ne.

Gobarau da fada da kwalejin sun tsira ne saboda an sami masu yi musu yaɓe da gyara, ita kuwa ganuwa da ta rasa mai kula ga yadda ta koma. Ginin ƙasa ba ya jiran a gama shawara, kowace damina sai ta tafi da wani abu. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 birnin ke faɗaɗa, kuma ba wanda zai ce a dakatar da shi. Abin da ake nema bai fi a shata guntayen ganuwar da suka rage a hana haƙa da gini a kansu ba, a kafa alluna da Hausa a kowace ƙofa, makarantun Dutsin-Ma da Kurfi kuma su riƙa kawo ɗalibansu su zaga da ƙafa. Yaron da ya taɓa hawa Gobarau da wuya ya yi shiru ranar da ya ga ana loda ƙasar ganuwa a bayan tifa.