Daga Kuɗin Laraba Zuwa Kuɗin Tara

Tun kafin a san benci da baƙin allo a ƙasar Hausa, uba ya san abin da ke kansa ranar da ya kama hannun ɗansa ya kai shi zauren malam. Zai sayi allo a kasuwa, ya haɗa da ɗan abin sadaka, ya miƙa yaro, a yi fatiha. Daga nan tsarin a bayyane yake, babu takarda, babu taro. Yaro ya zo da safe a biya masa, ya koma gida, ya dawo da yamma. Alhamis da Juma'a hutu ne. Ranar Laraba kuwa uwa ce za ta ƙulle 'yan kuɗi ta ba shi ya kai wa malam, abin da ake kira kuɗin Laraba, kuma malamai da yawa ba sa korar ɗan da ya zo hannu rabbana.

Karatun ma hawa-hawa ne, kowane magidanci ya san sunayen matakan. Ana farawa da babbaƙu, yaro na bin yatsan malam yana rera sunayen haruffa da Hausa, alu, ambaki, wau, zal. Sai farfaru, inda wasula ke shigowa. In ya iya, ya wanke allo a yi masa sabon rubutu, har ya kai ga riƙe alƙalamin kara da kansa ya tsoma a tawada. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne gida bai taɓa zama bare a wannan tafiya ba. Uwar da ke daka a tsakar gida tana jin tilawar ɗanta, ta san in ya yi tuntuɓe, domin ita ma ta bi ta kan waɗannan surori. In ya kai wata babbar gaɓa kamar Sabbi ko Amma, a dafa abinci a kai makaranta sadaka. Ranar sauka kuwa biki ne na dangi gaba ɗaya: a yi wa allo zayyana, a yanka rago in da hali, a yi wa malam alheri.

Ba ƙaramin tsari ba ne. Ƙididdigar da Turawan mulki suka yi a farkon ƙarni na 20 ta nuna akwai makarantun allo sama da 20,000 a Arewacin Najeriya, da almajirai sama da 200,000.

A cikin wannan duniyar ce wani Bature, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a Kano cikin 1909. Gidansa na ƙasa yana nan har gobe. Ya fara da malamai, sannan 'ya'yan sarakuna, ana koyar da su karatu da rubutu da Hausar boko, da lissafi da sana'ar hannu. Bayan haka makarantun elementare suka bazu a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 tana horar da malamai, aka kuma buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina a 1930.

To, me sabuwar makarantar ta nema wurin iyaye? Abu guda: su saki yaro. Shi ɗin ma da ƙyar aka samu. Hakimi kan aika wa dagaci adadin yaran da ake so, dagaci ya bi gida-gida. Wasu suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu, wasu suka tura su gabas almajiranci, wasu masu hali suka ba da 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Bai kamata a yi saurin kiran wannan jahilci ba. Mutumin da aka ci ƙasarsa da yaƙi a 1903, sannan wanda ya ci shi ya dawo yana neman ɗansa don ya koya masa wani rubutu da ke tafiya daga hagu zuwa dama, yana da dalilin yin ɗari-ɗari. Illar da ta biyo baya ita ce makarantar boko ta tashi a matsayin kayan hukuma. En'e ce ke biyan malami, ita ke kawo littafi da alli. Uba ba ya shiga, ba a kuma tambayarsa.

Abin da ya ɗan rage nisa shi ne harshe. Da Hausa ake karatun elementare, don haka yaron da ya dawo da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1930, yana iya karanta wa mutanen gida su saurara su yi dariya tare.

Babban sauyi ya zo a Satumban 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi shirin karɓar yara kusan miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Da yake yawancinsu ba su da takardar haihuwa, hedimasta kan sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen. In ya taɓo, ya isa shiga. Aka cika azuzuwa, wasu aka zaunar da su a gindin bishiya, aka ɗauki malamai da gajeren horo.

Al'adun da iyayen yau suka tashi da su a nan suka yaɗu. Shara da sassafe, layin asambuli, duba farce da haƙora, taken ƙasa da alƙawarin biyayya wanda shi ma a 1976 aka shigo da shi, kiran suna, monita mai rubuta sunayen masu surutu, haddar biyu sau biyu huɗu da ƙarfin murya. Kowanne daga cikinsu kuma yana da igiya da ta kai har cikin gida, domin wani ne zai yanke farcen, ya wanke yunifom, ya tashi yaro kafin a kaɗa ƙararrawa, ya ba shi kuɗin tara na sayen ƙosai ko rogo a bakin makaranta. Wannan wani ɗin, a mafi yawan gidaje, uwa ce. Ga kuma Islamiyya, wadda Malam Aminu Kano da abokansa suka ƙarfafa tun shekarun 1950, ta zo da nata yunifom da nata kuɗin wata. Yaro ɗan shekara 6 ya zama yana da makaranta biyu, wani lokaci uku.

Inda aka fi barin iyaye a baya shi ne aikin gida. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa ko harshen yankin, amma makarantun kuɗi da suka cika unguwanni daga baya sun ɗauki Turanci tun daga nazare, domin shi iyaye ke ganin sun biya kuɗi a kai. Sai ga uwar da za ta iya gyara wa ɗanta Amma baki da baki an aiko mata da shafi uku na Turanci, an ce ta taimaka ta kuma sa hannu. In ba ta yi ba, a ce gidan ba su damu da karatu ba. Wannan rashin adalci ne, kuma shi ya buɗe kasuwar malaman lesin.

Hukuma kuwa ta ƙara nata nauyin a rubuce. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya sa ɗansa a makaranta, ta tanadi gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu. Daga baya aka kafa kwamitocin kula da makarantu na al'umma, inda mai unguwa da liman da wakilan mata ke zama da hedimasta, ban da tsohuwar ƙungiyar iyaye da malamai. A wuraren da kwamitin ke aiki da gaske, matan unguwa ne ke bin gidaje suna tambayar dalilin da ya hana wance zuwa makaranta, su ne kuma ke matsa wa hedimasta lamba a gyara rufin aji ɗaya kafin damina.