Hanyar Takoradi da Mutanen da Suka Tsaya a Ƙasa

Wanda ya taɓa zama kusa da tsofaffin matuƙan jirgin sama sa'ad da suke hira ya san abin da suke yawan faɗi. Ba su cika zancen kyan gajimare ba. Zancensu na hazo ne, da hadarin damina, da ungulu da takan shiga gaban jirgi, da man da ya kusa ƙarewa kafin a ga fili. Idan hira ta yi daɗi sai su koma kan albashi, da shugaban da ya hana su hutu. Haka matuƙa suke tun farko, kuma an rubuta hirarsu cikin littattafai da yawa. Amma mu mazaunan Kanda da Nima da Maamobi, da jirage suke ratsa kanmu dare da rana, muna da rabo cikin wannan labari, ko da yake ba a cika ambatonmu ba.

Sai mu fara daga Kano. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage 3 na sojan Ingila suka sauka a can, bayan sun taso daga Masar sun bi ta Sudan. A lokacin ba filin jirgi, sai suka sauka a filin wasan dawaki. Shugaban tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Mai karatu ya riƙe sunan nan, gama za mu sāke gamuwa da shi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kai wasiƙu daga Hartum zuwa Kano, daga baya hanyar ta miƙe har Ikko da Ankara. Ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci sosai. Hanyar wasiƙa ce kawai.

Yaƙin Hitila ne ya sāke al'amarin. A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Bahar Rum ta zama wurin hatsari ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuwa sojojinta da suke Masar suna bukatar jiragen sama. In an ce a kewaya da su ta ƙarshen Afirka ta Kudu, sai a yi makonni da yawa a teku. Sai aka tuna da hanyar wasiƙa. Takoradi tana da tashar jirgin ruwa mai zurfi wadda aka buɗe a 1928. Aka shirya a riƙa kawo jirage a wargaje cikin manyan akwatunan katako, a sauke su a Takoradi, a harhaɗa, sa'an nan a tuƙa su su ƙetare Afirka.

Akwai abu guda da ya kusa hana wannan shiri. Ƙasashen da suke kewaye da Gwalkwas da Nijeriya na Faransa ne, yawancinsu kuwa suna bin gwamnatin da ta yi sulhu da Jamus. Tsakanin Maiduguri da Sudan dole a ratsa Cadi. Gwamnan Cadi a lokacin baƙar fata ne, Félix Éboué, haifaffen Giyana ta Faransa. A watan Agusta 1940 ya ce shi yana bayan Janar de Gaulle. Da bai yi haka ba, da hanyar ta tsinke a tsakiya. A watan Satumba na shekarar rukuni na fari ya tashi daga Takoradi, jirgi ɗaya ƙirar Blenheim yana gaba, 6 ƙirar Hurricane suna biye.

Tafiyar kusan mil 3,700 ce, takan ci kamar kwana 6. Daga Takoradi a bi gaɓar teku zuwa Ikko, a juya arewa zuwa Kano, sai Maiduguri, sai Fotlami wadda yau ake kira Njamena, sai Janaina da Fashir, sai Hartum, daga nan a bi kogin Nilu har Alƙahira. Wanda ya san tarihin mutanenmu zai ga cewa daga Kano zuwa Hartum sawun maniyyata ne jiragen suka bi. Abin da mai ƙafa yakan yi shekaru yana yi, yana tsayawa yana noma ko ƙodago don ya sami guzuri, shi ne matuƙi yake gamawa kafin mako ya kewayo. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Wanda kuwa yake karɓarsu a hamadar Masar, shugaban mayaƙan sama a yaƙin El Alamein na 1942, shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka a Kano. Mutumin da ya tsira daga yaƙi biyu, a watan Janairu 1948 jirgin fasinja da yake ciki ya ɓace a teku kusa da Bamuda, ba a ga ko tarkacensa ba.

Abin da matuƙan hanyar suka fi tsoro ba Jamusawa ba ne, ko da yake a watan Janairu 1942 wani jirgin Jamus ya ƙetare Sahara ya jefa bom a Fotlami ya ƙone man da aka tara. Sun fi tsoron ɓata. Ƙananan jiragen yaƙi ba su da mai duba taswira, saboda haka idon kowa yana kan babban jirgin da yake gaba. Da hunturu, in hazo ya rufe ƙasa da sama, mutum yakan rasa na gabansa cikin ƙiftawar ido. Da damina kuma hadari yakan tsaya musu kamar garu. Akan shafa farin fenti a bayan jirgi wajen wutsiya, domin in ya faɗi a daji masu nema su hange shi daga sama. Ƙura tana cin inji, har waɗansu jirage da isarsu Masar sai an yi musu babban gyara kafin su shiga yaƙi. Cikin matuƙan akwai mutanen Folan, waɗanda ƙasarsu take hannun abokan gāba, suna kai da kawowa tsakanin Takoradi da Alƙahira.

A 1941 Amurkawa suka shigo, da fari ta hannun kamfanin Pan American, daga baya sojansu suka karɓa. Su kuwa Ankara suka mai da cibiyarsu. Jiragensu sukan taso daga Amurka su sauka a Natal ta Birazil, su ƙetare teku. Daga 1942 sukan sha mai a Asenshan, wani ɗan tsibiri a tsakiyar Atilantika. Matuƙa sukan yi wa juna ba'a cewa wanda ya kuskure tsibirin, matarsa ce za ta ci fansho. Dariya ce ta wanda ya san gaskiyar abin. Daga nan sai Ankara, sai Kano, har Indiya.

To, a nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Kafin yaƙi Nima ƙaramin wuri ne. A wajen 1931 Malam Amadu Futa, malami kuma dillalin shanu, ya sami izinin zama a wurin daga gidan Odoi Kwao na mutanen Ga. Makiyaya da fatake suke sauka. Da aka kafa sansanin soja kusa, aka faɗaɗa filin jirgi, aka gina asibitin soja a 1941, wanda har yau muke kira 37, sai aiki ya buɗe. Jirgi ba ya tashi sai an share masa fili, an fasa dutse, an mirgina durom na mai. Matuƙi ba ya tashi sai ya ci, an wanke masa tufafi, an yi gadin ɗakinsa. Lebura, da kuku, da boyi, da mai wanki da guga, da mai gadi, daga ina za su fito? Suka zo daga arewacin Gwalkwas, da ƙasar Mosi, da Zabarma, da ƙasar Hausa, da Togo. Ba su da wuri a unguwar Turawa, hayar cikin gari kuwa ta fi ƙarfinsu. Sai Nima, inda mutum zai kama ɗaki da araha ya taka da ƙafa zuwa wurin aiki. Harshen da ya haɗa su Hausa ne, wanda dā ma shi ne harshen bariki. Shi ya sa har yanzu za ka iske Bafrafre da Bakusase da Badagare suna ciniki da Hausa a kasuwar Nima, ranar Lahadi kuma waɗansunsu suna waƙa da ita.

Amma Nima tana bayan iyakar hukumar gari a waɗannan shekaru. Ba wanda ya auna titi, ba wanda ya haƙa lambatu, ba famfo. Kowa ya gina inda ya samu. Lungunan da muke bi a karkace yau, tun lokacin aka haife su. Ni a ganina wannan ba ƙaramin rashin adalci ba ne: an iya shimfiɗa wa jirgi hanya madaidaiciya cikin 'yan watanni, aka kāsa yi wa masu shimfiɗar magudanar ruwa.

Hukuma ta tuna da unguwannin talakawa sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya fara kwantar da sojojinta. Daga 1942 zuwa 1945 sojan Ingila da na Amurka suka haɗa kai suka yi yaƙi da sauro a Ankara. Suka yashe tafkin Korle, wanda mutanen Ga suke girmamawa, suka yi ta feshin magani. Har suka riƙa sa 'yan ƙasa su kwana cikin tarkon sauro, don a ƙidaya yawan sauron da zai zo cizonsu. Da yaƙi ya ƙare, sojoji suka tafi, aikin ya tsaya, sauro ya komo. Waɗanda suka dawo daga yaƙin Bama, da yawansu suka ƙaru a kan mutanen zango, suna jiran alkawaran da aka yi musu. Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka nufi fādar gwamna a Osu da takardar kuka, aka harbe 3 daga cikinsu. Abin da ya biyo baya kowane ɗan makaranta a Gana ya sani.

Bayan mulkin kai kujerar matuƙi ta fara zuwa hannun 'yan ƙasa. A watan Yuli 1958 aka kafa Ghana Airways, a 1959 kuma rundunar sojan sama. Nkrumah yana son abin ƙwarai. Ya sayo jirage daga Rasha da Ingila, ya buɗe makarantar koyon tuƙi a Afienya. A 1964 Melody Danquah ta tashi da jirgi ita kaɗai, mace ta fari a ƙasar da ta yi haka. Filin da leburori suka share ya ga abubuwa: a nan aka kashe Janar Kotoka a watan Afrilu 1967, daga baya aka sa wa filin sunansa. Rawlings ma, da ya karɓi mulki a 1979 da 1981, matuƙin jirgin soja ne.

Ɗan zango kuwa da wuya ya kai ga wannan kujera, gama koyon tuƙi yana cin kuɗin da iyayenmu ba su taɓa riƙewa ba. Inda aka fi ganinmu shi ne wajen dako, da shara, da gadi, da tuƙin tasi a bakin ƙofa, da canjin kuɗi. Maƙwabtanmu Musulmi sun fi mu sanin cikin jirgi, saboda aikin haji.

Ghana Airways ta yi shekara fiye da 40 tana kai mutane London da biranen Afirka ta Yamma, daga baya har New York, da baƙin tauraro a jikin jiragenta. Bashi ya yi mata yawa. A watan Yuli 2004 Amurka ta hana jiragenta shiga ƙasarta, a 2005 aka rufe kamfanin, ma'aikata suka watse, waɗansu matuƙa suka nemi aiki a ƙasashen waje. Ɗaya daga cikin manyan jiragenta ƙirar DC-10 ya daɗe yana ajiye a filin Ankara ba inji. A 2013 aka shafa masa koren fenti, aka jera tebura a cikinsa, aka mai da shi gidan cin abinci a gefen hanyar filin jirgi.