TARAGON KAYA DA TARIHIN FATAUCINMU

A wannan fitowa ina so in ja hankalinmu kan wani abu da mai karatu zai iya ɗauka wasan yara ne, watau tara 'yan ƙananan taragan jirgin ƙasa. A Ingila da Jamus da Amurka akwai dattawa masu furfura da jikoki waɗanda ba su da abin sha'awa kamar su sayi ɗan tarago da bai wuce tafin hannu ba, su jera a kabad, su riƙa share masa ƙura. Kamfanin Märklin na Jamus tun ƙarni na 19 yake wannan sana'a, shi kuwa Hornby na Ingila a 1920 ya fara fitar da nasa jiragen. Ƙirar kuma da ma'auni ake yinta. A ma'aunin da suke kira HO, ana rage komai sau 87, saboda haka tarago mai tsawon ƙafa 40 sai ya dawo inci biyar da rabi, da ƙafafunsa da ƙofarsa da lambarsa.

Masu zurfi a cikinsu sun fi son taragon kaya a kan na fasinja. Dalilinsu shi ne taragon kaya ke gaya maka abin da ƙasa take nomawa, da abin da take haƙowa, da inda take kai shi. Da na ji wannan sai na ce lalle sun yi magana, domin in aka jera taragan kayan Nijeriya ɗaya bayan ɗaya, rabin tarihin fataucin Bahaushe ne a jere.

Mu fara da rufaffen tarago, wanda tsofaffi ke ce wa wagunu, na gyaɗa. Turawa sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko, ya iso Badun a 1901. Gwamnan Arewa Girouard, injiniyan reluwe ne tun asali, shi ya tsaya aka jawo wani layin daga Baro a bakin Kwara, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya shiga Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Faɗin layin ƙafa uku da inci shida ne. Abin da masu jajayen kunnuwa suka sa rai shi ne auduga, don masaƙunsu na Lankasha. Sun kafa injin gurzar auduga, sun raba iri, suna jiran taragai su cika. Sai manomin Kano ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da yadda kamfani yake tayawa, ita kuwa gyaɗa ga kuɗi a hannu, ga harawa ta dabbobi, in kuma shekara ta yi tsanani a ci ta. A Turai ana neman man gyaɗa ido rufe don sabulu da man shafa wa burodi. Kafin a ce me, tashar Kano ta cika da buhuna har reluwe ta rasa taragan ɗauka.

Su wa suka shiga ƙauyuka suka tattaro wannan gyaɗa? Fataken goro ne, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja, suna da yara, suna da jakai, suna da amana a wurin mutane. Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah Ya jiƙansa, yana cikin na gaba-gaba, kuma har ya rasu a 1955 ba a san wani attajiri kamarsa ba a wannan yanki na Afirka. Ina jin ya kamata samarinmu su riƙe wannan, domin Bature ya kawo ƙarfen dogo, amma ba shi ya zaɓi abin da aka loda a kai ba.

Dalar gyaɗa da muke gani a hotuna muna alfahari, ita ma tana da alaƙa da tarago. Ana cewa dala guda takan ci buhu kamar 15,000. In mun ƙaddara tarago ɗaya zai ɗauki buhu 300, ka ga dala guda sai taragai 50 ke nan, alhali dalar ba ɗaya ba ce, ba goma ba ce. Bayan yaƙin duniya na biyu kawunan jirgi sun tsufa, taragai sun yi ƙaranci, gyaɗar bana takan tarar da ta bara ba a kwashe ba, ga ƙwari suna ci, ga tamfol yana yagewa. Wato wani ɓangare na tsayin dala albarkar noma ne, wani ɓangaren kuwa jiran mota ne, kamar yadda kayanmu ke kwana a tasha in direba bai zo ba. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, ga kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma, su suka rushe dalar baki ɗaya.

Na kuza ba zan daɗe a kansa ba. Wani ɗan siririn layi ne, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, aka ja daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, aka rufe shi a 1957. Buɗaɗɗen tarago na kwal kuwa daga Inugu yake tasowa, layinsa ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916, kuma da wannan kwal ɗin jiragen kansu suke tafiya kafin zuwan na dizal.

Wanda ya fi shafarmu mu mutanen Mubi shi ne taragon shanu, mai tagogi don iska. Kafin dogo, da ƙafa ake kora shanu zuwa kurmi, wata da watanni, su rame, wasu ƙudan tsando ya kashe su a hanya. Da aka kai layi Ƙauran Namoda a 1929, aka kai Nguru a 1930, sai waɗannan garuruwa suka zama matattarar dabbobi da fatu da ƙiraga. A loda sa a Nguru ko Kano, cikin 'yan kwanaki yana Ikko. In jirgi zai komo sai ya ɗauko huhunan goro daga Agege da tashoshin ƙasar Yarbawa, da gishiri da kananzir da atamfa. A kan wannan kai da komo na shanu da goro unguwannin Hausawa na kudu suka kafu suka yi ƙarfi, irin su Sabo ta Badun da zangon Agege, da masu masaukinsu da dillalansu da sarkinsu. Mu da muke zaune nesa da garuruwan kakanninmu mun san wannan rayuwa, sai dai su dogo ya kai su, mu kuwa ƙafa da jaki da mota suka kawo iyayenmu.

To, me ya hana dogo zuwa Mubi? Abu na farko, lokacin da ake rabon layi ba ma cikin lissafi. Mubi tana hannun Jamus tun 1903, bayan yaƙin duniya na farko ta koma riƙon amana a hannun Ingilishi, ba ta zama Nijeriya sosai ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, aka yi Lardin Sardauna. Mai riƙon amana ba ya zuba dukiya a gonar da bai tabbata tasa ba ce. Abu na biyu, kogin Binuwai. Kamfanonin Turawa suna da jiragen ruwa da ke hawowa Numan da Yola har Garwa in ruwa ya cika da damina, su kwashe gyaɗa da auduga, su sauke gishiri da siminti. Hukuma ta ga ai Adamawa tana da hanyarta, ko da ta 'yan watanni ce a shekara.

Dama ta ƙarshe ita ce layin Borno. A 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancensa na farko, dala miliyan 28, don gyaran reluwe da jan sabon layi daga Kuru kusa da Jos. Ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya bi ta Bajoga da Buni ya shiga Maiduguri a 1964, tafiyar mil 400 ko kusa da haka. Ya wuce mu ta yamma da arewa. Duk ɗan Mubi mai son tarago sai ya ɗora kayansa a mota, ko dai ta Michika da Gwoza da Bama zuwa Maiduguri, ko ta Gombi da Biu. Kaya kuwa in sun riga sun hau mota, ɗan kasuwa ba ya son a sauke a sake lodi, ga kuɗin 'yan dako sau biyu, ga jiran tarago. Maƙwabtanmu na Kamaru ma nasu layin a Ngaundere ya tsaya a 1974, bai ƙaraso Garwa ba balle Marwa. Muka zauna tsakanin ƙarshen dogo biyu.

Shi kansa layin Borno bai ci moriyar ƙuruciyarsa ba. Shekara uku da buɗe shi yaƙin basasa ya tashi, hanyar Fatakwal ta toshe. Aka shimfiɗa kwalta, tireloli suka yawaita, hukumar reluwe da aka kafa a 1955 ta shiga ciwo. An ɗauko Indiyawa a 1979 su riƙe ta, sun ɗan farfaɗo da ita, da suka tafi ta koma gidan jiya. Sababbin layukan da aka yi, na Abuja zuwa Kaduna a 2016 da na Ikko zuwa Badun a 2021, masu faɗi ne, ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, tsofaffin taragai ba za su hau su ba. Kasuwar shanun Mubi tana cikin manya a ƙasar nan, amma kowane sa a tirela yake tafiya kudu, mai shi yana biyan kuɗin gas da na shingaye, yana addu'a kada wata ta faɗi a taka ta kafin a isa.

Tsofaffin taragan nan suna nan a wasu tashoshi, ciyawa ta fito a cikinsu, masu sayen tsohon ƙarfe suna zagaye. A Ikko wasu masu kishi sun mai da wani tsohon gidan reluwe a Ebute Metta, Jaekel House, gidan ajiye tarihi. Shi Jaekel ɗin tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya rubuta tarihinta cikin littafi uku. Mu a nan, abin da ya same mu a 2014 ya cinye takardu da hotuna masu yawa na gidajenmu.

Shawarata ga ƙungiya ba mai tsada ba ce. Ba sai mun aika Jamus ba. Yaranmu da ke ƙera motar kara da ta gwangwani, har da sitiyari da ƙofa mai buɗewa, za su iya ƙera tarago in an ba su hoto da ma'auni. A ce ƙafa ɗaya ta zama rabin inci, tarago mai ƙafa 40 ya dawo inci 20, ya ishi a gani daga bayan aji. A yi guda huɗu: na gyaɗa, na shanu, na kwal, da tankin kananzir. A ƙarƙashin kowanne a rubuta, da boko da ajami, abin da yake ɗauka da tashar da yake tasowa da shekarun da ya yi aiki. A ajiye su a ofishin ƙungiya, malaman makarantunmu su riƙa ara.

Akwai dattawa a cikinmu da suka taɓa raka shanu a jirgi daga Maiduguri ko Nguru, akwai waɗanda iyayensu suka yi awon gyaɗa. Wanda yake da tsohon rasit na reluwe, ko hoton tasha, ko ya tuna kuɗin da ake biya a kan sa guda, don Allah ya kawo wa sakatare kafin taro na gaba. Za a kwafa a mayar masa da abinsa.