Zumunta a ƙafa take: tarihin tafiyar biki a ƙasar Gobir 🧵

1/ Kwanan nan duk inda ka leƙa hotunan biki ne: an kwashi amarya da ƙawaye an yi Dubai, wasu Zanzibar, wasu Masar. Allah ya ba da zaman lafiya. Ni yau zaren wata tafiyar bikin zan yi, ta ƙasarmu: Kamarawa, Isa, Sabon Birni, har Tsibiri. Ku gyara zama.

2/ Abin da nake so ku riƙe tun farko: a Gobir, zuwa biki wani gari tsohon abu ne, kuma kakanninmu ba su taɓa yin sa da ka ba. Abu huɗu suke lissafawa kafin su ɗaura sirdi: lokaci, ruwa, rakiya, masauki. Yau ma su ɗin ne dai.

3/ Mu fara da ƙasar kanta. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna haɗuwa a yankin Isa su zama Rima. Gulbin Maraɗi kuma ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi Jibiya, ya shiga Nijar ta Madarumfa, Maraɗi, Tsibiri, Gidan Rumji, ya dawo Najeriya ya faɗa Rima wajen Sabon Birni.

4/ Ka bi bakin gulbin nan da yatsa a taswira, to ka bi hanyar dangi. Inda ruwa yake nan gari yake, inda gari yake nan aka ba da ɗiya aure. Tun kafin a san kwalta, fadama ce titin 'yan kai amarya.

5/ To me ya sa dangin gida ɗaya suka watsu a kan gulbi ɗaya? Gobirawa dama matafiya ne. Tarihinsu ya nuna zama a Azbin, sannan Birnin Lalle, sannan a tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birni.

6/ A zamanin Alƙalawa aka yi ɗaya daga cikin manyan tarukan Sallah da tarihin ƙasar Hausa ya riƙe. Wajen 1788, Bawa Jan Gwarzo ya kira malaman ƙasarsa Sallar Layya a Magami. Malamai suka yi ayari daga ko'ina. Cikinsu har da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

7/ A nan ne aka ruwaito Shehu ya ƙi karɓar kyautar zinariya, ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kar a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Kun ga ke nan taron Sallah a Gobir ya wuce ado da hawa. Wurin yanke magana ne.

8/ 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarki Yunfa. 1836 aka gwabza a Gawakuke, rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi nasara, Sarkin Gobir Ali ya rasu a fagen. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka bi Mayaƙi, aka kafa Tsibiri dab da Maraɗi.

9/ Wajen shekarun 1860 gidan sarautar Tsibiri ya rabu. Ɗan Halima ya fito da jama'arsa, ya daidaita da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Ita kuwa Isa ribaɗi ce ta zuriyar Bello, aka kafa ta don tsaron wannan gefen. Shi ya sa har yau za ka ji "Sarkin Gobir" a Tsibiri, a Sabon Birni, a Isa.

10/ Sarauta ta rabu, amma aure bai rabu ba. Wa yana Tsibiri, ƙane yana Sabon Birni, gwaggo tana wani ƙauyen Isa. In an sa ranar ɗiyar ɗaya, dole sauran su taso. A ganina auratayya da zuwa biki su suka riƙe Gobir a matsayin jama'a ɗaya bayan yaƙi ya tarwatsa birninta.

11/ Kuma ku sani, "biki" a bakin iyayenmu mata ba shagali kawai yake nufi ba. Biki shi ne gudummawar da kika kai wa 'yar'uwa ranar hidimarta, ita ma ta rama miki, sau da yawa har da ƙari. Bashi ne mai daɗi. Wadda ta daina zuwa, a hankali sunanta ke fita daga lissafi.

12/ Yanzu hanyar. Tsakanin Isa da ƙasar Wurno akwai dajin Gundumi. Duk ɗan yankin ya san sunan nan, kuma ya san abin da yake ji a ƙirji in an ambace shi. Abin da da yawa ba su sani ba: shekara 200 da suka wuce ma haka matafiya ke ji.

13/ Maris 1824, Baturen Ingila Hugh Clapperton zai je wurin Bello. Sai da aka turo masa rakiyar mahaya dawaki kafin ya ratsa Gundumi. Tafiyar gaggawa suka yi cikin zafin bazara, ƙishirwa ta galabaita mutane, don babu mai son yada zango a tsakiyar dajin.

14/ 1853, Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya taso daga Katsina cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Suka bi Zurmi, Badarawa, Sansanin Isa. Daga nan suka cika salkunan ruwa suka faɗa Gundumi. Awa 26 suna tafiya babu zango, har suka iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu.

15/ Wa suke tsoro? Mu faɗi gaskiya: mahayan Gobir da na Maraɗi, masu kai hari kan hanyoyin daular Sakkwato. Yaƙin sarauta ne na zamaninsa, ba irin ta'asar yau ba. Amma ga mai jaki da kaya, tsoro tsoro ne. Jikokin waɗanda ake gudu jiya, su ne yau ba su iya bin dajin.

16/ To ta yaya mutane suka ci gaba da fatauci da zumunci a haka? Tsari. Ayari yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba ya san rijiya da mararraba, da uban dawaki. Ba a tashi sai an ji labarin hanya daga wanda ya fito ta jiya.

17/ Lokaci ma ba a wasa da shi. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, gulabe sun cika, fadama ta zama laka, kowa yana gona. Bazara, Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, rijiyoyi sun ja baya. Saura kaka da hunturu: rumbu cike, hanya bushe, dare da sanyi.

18/ Shi ya sa bukukuwanmu suka taru bayan girbi: aure, kokawa, dambe, kalankuwa. A daidai lokacin ne kuma ayarin Buzaye ke gangarowa da gishirin Bilma su koma da gero. Sai kalandar Musulunci ta ƙara nata: cunkoson ɗaurin aure kafin azumi, da ziyarar dangi bayan Sallah.

19/ Masauki kuwa, ba otal ba ne. Fatake suna da zango da mai gida a kowane gari. Ɗan biki yana da gidan dangi. Tsagen Gobirci a kunci ya isa a ce "shigo, kai ɗan gida ne". Har Ilori akwai sarautar Sarkin Gobir, kuma Bagobiri da Bayarabe taubasai ne, da tsokana ake tarbar juna.

20/ Sai Turawa suka zo da layinsu. 1898 Ingila da Faransa suka ɗora tsinken kamfas a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100. Faransawa suka duba rabonsu, suka ga babu isassun rijiyoyi a hanyarsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram.

21/ Kun ji fa, su ma matsalar madugu ce ta kama su: ruwa. Sai aka sake zama a 1904. Faransa ta saki haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can Kanada ta yau, Ingila kuma ta ja layin ya yi kudu. Ƙonni, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannun Faransa.

22/ Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi suna kafa alamun iyaka. Wato cinikin kifin wani teku da kakarka ba ta taɓa jin sunansa ba, yana cikin dalilan da suka sa zuwa bikin ɗiyar ƙanwarta ya zama "fita ƙasar waje". 😅

23/ Duk da haka layin bai hana komai ba. Bayan yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun lafa, mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa suka kafa ƙauyuka a fili. Mota ta zo. A 1979 ECOWAS ta amince ɗan ƙasashenta ya shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 babu biza.

24/ Wannan shi ne zamanin da iyayenmu ke ba mu labari: a cika akori-kura da gara da kayan jere, mata na guɗa, a tashi Isa da hantsi a yi la'asar a Maraɗi. A canza naira zuwa sefa a bakin kasuwa. Saurayi ya hau babur shi kaɗai ya je kallon hawan Sallah a Tsibiri ya dawo.

25/ Ku lura da kyau: in ka auna da tarihin da na zayyano, wannan sakewar ba ta daɗe ba. Kusan ƙarni ɗaya ce. Hanyar da mace za ta bi da goyo babu rakiya, mutane ne suka gina ta da sulhu da hukuma mai aiki. Abin da aka gina kuwa yana iya rushewa.

26/ Mun kuwa ga rushewarsa. Daga 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka tsallaka yankin Gidan Rumji gudun 'yan bindiga. Ina suka sauka da farko? Gidajen dangi. Zumuncin da aka riƙe da zuwa biki shi ya buɗe musu ƙofa ranar da babu guɗa.

27/ Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin gabashin Sakkwato. Disamba 2021 aka tare motar matafiya wajen Gidan Bawa aka cinna mata wuta, sama da mutum 20 suka ƙone. Titin Marnona zuwa Isa, wanda ya ratsa Gundumi, direbobi suka ƙaurace masa shekaru.

28/ Ƙarshen Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. A watan Agusta labarin rasuwarsa a hannunsu ya fito. Allah ya jiƙansa da sauran bayin Allah. In hanya ta ci mai rawani, wa zai ce wa tsohuwa ta taso kai amarya?

29/ Iyaka ma ta ƙara nata. An rufe ta Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. Janairu 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Kowane rufi, akwai ranar auren da aka ɗaga, akwai kujerar gwaggo da ta zauna babu kowa.

30/ Ga abin da ke ci mini rai. Yau ɗan Kamarawa ma yana yin bikinsa a wani gari: Sakkwato, ko cikin Isa, ko Shinkafi, ko can hayin iyaka. Na halarci irinsa, waliyyi ta waya ya wakilta wani. Masu kuɗi sun bar gida don hoto ya yi kyau, namu sun bar gida don a kai amarya da rai.

31/ To in hidima ta kama ka a yankin, koma wa lissafin madugu. LOKACI: a sa rana bayan kaka, a ɗaura aure da safe, kowa ya kama hanya rana na sama. Ranar kasuwa akwai motoci da yawa, amma ita ce kuma ranar da ake sa wa ido. A tambayi direbobin tasha, su ne jagaban yau.

32/ RAKIYA: a tafi a jere, in akwai rakiyar jami'an tsaro a jira ta ko za a makara. Kar a baza ranar tashi da hanyar da za a bi a Facebook ko TikTok. Hotunan anko su jira sai an sauka lafiya. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

33/ MASAUKI DA GUZURI: a shirya kwana, kar a ce dole a juyo a ranar. Mai tsallaka iyaka ya riƙe katin shaidarsa, ya canza kuɗi tun a gari, ya ji halin da iyakar ke ciki a makon. Wanda bai iya zuwa ba ya aika bikinsa ta hannun mai zuwa. Kar a bari bashin ya mutu.

34/ Na san wani zai ce dabarun nan ai ba magani ba ne. Gaskiya ne. Ayari da rakiya alamar hanya ce marar lafiya, ko a 1853 ko yau. Maganin yana wuyan hukumomin ƙasashen biyu, kuma haƙƙinmu ne mu yi ta tambaya: yaushe za a bi Gundumi babu faɗuwar gaba?

35/ Kafin nan, aiki ɗaya gare ku. In kana da kaka ko gwaggo da aka kai ta aure daga wani gari, zauna da ita yau. Daga ina aka ɗauko ta? A kan me, doki, raƙumi ko mota? Ina suka kwana? Wa ya yi rakiya? Ka naɗa a waya, ka rubuto mana sunayen garuruwan a ƙasan zaren nan.

36/ Na Tsibiri, na Madawa, na Gatawa, na Kamarawa, na Shinkafi, ina jiran ku. Mu haɗa taswirar hanyoyin amaren Gobir da kanmu tun masu labarin suna raye. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maido mana ranar da za a kai amarya da guɗa tun daga ƙofar gida har ɗakinta. Amin.